Shin Allah ɗaya muke nufi? Fashin baƙi kan abin bauta da amincin littattafai

A watan Disambar 2015 wata malamar kimiyyar siyasa a kwalejin Wheaton da ke jihar Illinois a Amurka, Larycia Hawkins, ta sa hijabi ta ɗauki hoto ta ɗora a Facebook. Kirista ce, kwalejin ma ta Kiristoci ce masu riƙo da addini. Ta ce ta yi haka ne don nuna tana tare da Musulmi, waɗanda a lokacin ake yi wa kallon hadarin kaji bayan harin da aka kai Paris da San Bernardino. Hijabin bai dami hukumar kwalejin ba. Abin da ya tayar da ƙura maganar da ta rubuta ce tare da hoton, cewa Musulmi da Kirista Allah ɗaya suke bauta wa. Cikin 'yan kwanaki aka dakatar da ita, zuwa Fabrairun 2016 sun raba gari, malaman Kirista na Amurka kuma suka dare gida biyu a kan maganarta. A Maleshiya kuwa daga ɓangaren Musulmi ƙorafin ya fito. Gwamnati ta hana jaridar cocin Katolika mai suna Herald amfani da sunan Allah a shafukanta na harshen Malay, babbar kotu ta bai wa jaridar gaskiya a ƙarshen 2009, aka kai wa coci-coci hari a Janairun 2010, sannan kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013.

Mu a nan ba mu taɓa zuwa kotu a kan suna ba. Tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Miller na Zariya da abokansa suka yi, Allah ake kira a coci kamar yadda ake kira a masallaci. Amma tambayar tana nan da ranta, a majalisa, a motar haya, a muƙabalolin da ake yaɗawa ta TikTok. Kuma ba tambayar wasa ba ce. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 daga wa'azi ya faro a kwalejin ilimi, inda mai wa'azin Kirista ya taɓo Alƙur'ani, ɗalibai Musulmi suka ce ya yi masa fassarar ɓatanci, kafin a ankara wuta ta kai Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina. Shi ya sa nake ganin wajibi ne mu iya yin wannan magana da ilimi da natsuwa.

A fahimtata, abin da ke hana gardamar ƙarewa shi ne tambayoyi uku ake haɗawa a amsa su da baki ɗaya. Wa ake nufi in an ce Allah? Yaya ake siffanta shi? Bautar wa yake karɓa? Mutum zai ce e yana nufin ta farko, abokin gardamarsa ya ce a'a yana nufin ta uku, su kwana suna musu alhali ba magana ɗaya suke yi ba.

Ta farkon, tsakanin Yahudawa da Kiristoci da Musulmi, ba ta da wuya kamar yadda ake zato. Dukansu suna cewa suna nufin wanda ya halicci sammai da ƙasa daga babu, wanda ya kira Annabi Ibrahim, ya yi magana da Annabi Musa, wanda zai tayar da matattu ya yi hisabi. Mahalicci kuwa, in ɗaya ne, babu na biyun da niyyar mutum za ta kauce ta faɗa kansa. Alƙur'ani bai bar wannan a duhu ba. A Suratul Ankabut aya ta 46 an umarci Musulmi kada su yi jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau, kuma su ce musu: abin bautarmu da abin bautarku ɗaya ne, mu masu miƙa wuya ne gare shi. Cocin Katolika ya faɗi kusan haka a Majalisar Vatikan ta Biyu a 1964, cewa Musulmi suna bauta wa Allah ɗaya mai jinƙai tare da su. Babban malamin Yahudawa Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta cewa Musulmi ba masu bautar gumaka ba ne, kaɗaitawarsu ga Allah ba ta da aibi. Wasiƙar da malaman Musulunci 138 suka aika wa shugabannin Kiristocin duniya a Oktobar 2007 ma a kan ayar Ali Imrana ta 64 aka gina ta, wadda ke kiran Ma'abota Littafi zuwa ga kalma mai daidaitawa.

Kiristan da ya ce Allahn Musulmi daban ne saboda Musulmi ba su yarda da Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ba, akwai wani ƙulli da zai kwance tukuna. Yahudawa ma ba su yarda da wannan ba, amma coci bai taɓa cewa Allahnsu daban ne ba. Wanda ya taɓa faɗin haka, Markiyon, wanda ya koyar da cewa Allahn Attaura ba shi ne Uban Almasihu ba, cocin Rum ya kore shi tun wajen shekara ta 144. Bulus da kansa, a wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya shaidi Yahudawa da himma saboda Allah, sai dai ya ce himmar ba bisa sani take ba. Wato bai ce sun sauya abin bauta ba, cewa ya yi sun yi kuskure a saninsa.

Musulmin da ya kawo Suratul Kafirun, ba na bauta wa abin da kuke bauta wa, shi ma sai ya duba da wa ake. Malaman tafsiri sun kawo cewa Ƙuraishawa ne suka zo wa Annabi (SAW) da tayin a yi karɓa-karɓa, shekara guda ya bauta wa gumakansu, shekara guda su bauta wa Ubangijinsa, surar ta sauka ta rufe wannan ƙofa. Su ma Ƙuraishawan, Alƙur'ani ya shaida cewa in ka tambaye su wa ya halicci sammai da ƙasa za su ce Allah. Laifinsu shi ne sun sa 'yan tsakani, suna cewa ba mu bauta musu sai don su kusantar da mu ga Allah, kamar yadda ya zo a farkon Suratuz Zumar. Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba, domin Maguzawa ba su musun Allah mahalicci, sai dai suna ganin harkar yau da kullum, ta ciwo da haihuwa da amfanin gona, da iskoki ake yin ta. Ashe sanin wanda ake nufi bai isa ya wanke ibada ba.

Labarin hijirar Habasha ya nuna tambaya ta farko da ta biyu a zama ɗaya. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta wa Najjashi farkon Suratu Maryam, sarkin ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe, ya ce wannan da abin da Isa ya zo da shi daga fitila ɗaya suka fito. Washegari Amru ɗan Asi, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya ce wa sarki ya tambaye su abin da suke cewa game da Isa, saboda Amru ya san a nan gizo ke saƙa. Ja'afar bai yi kwana-kwana ba: bawan Allah ne, manzonsa, ruhi daga gare shi, kalmarsa da ya jefa ga Maryam. Sarki ya gamsu, manyan fadarsa suka yi ta gunaguni. Wannan gunagunin shi ne tambaya ta biyu, kuma har yau ba a warware ta ba.

A nan saɓanin na gaske ne, kuma ban ga amfanin ɓoye shi da sunan zaman lafiya ba. Adalci dai shi ne a faɗi aƙidar mutum yadda shi yake faɗinta. Kirista mai ilimi ba ya cewa alloli uku ne, ba ya cewa Allah ya yi aure ya haihu. Yana karanta faɗin Almasihu a Markus 12:29 cewa Ubangiji Allahnmu Ubangiji ɗaya ne. Abin da yake cewa shi ne zatin ɗaya ne, amma tun fil'azal akwai Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma Ɗan ya zama mutum ya mutu don ceton mutane. Musulmi kuwa yana karanta Ƙulhuwallahu kullum, bai haifa ba kuma ba a haife shi ba, yana karanta faɗin Suratun Nisa'i cewa kada ku ce uku. Waɗannan maganganu biyu ba za su zama gaskiya a lokaci guda ba. Ko dai Annabi Isa (AS) abin bauta ne, wanda ya ƙi bauta masa ya rasa babban abu, ko kuwa bawa ne, wanda ya bauta masa ya yi shirka. Tambaya ta uku daga nan take fitowa, kuma kowane ɓangare yana da nassin da yake riƙe da shi: Ali Imrana 85 a wajen Musulmi, Yahaya 14:6 a wajen Kirista. Cocin Katolikan da ya ce Allah ɗaya ake bauta wa, shi ne dai ya fitar da sanarwa a shekara ta 2000 yana jaddada cewa ceto ta hannun Almasihu kaɗai yake. Bai yi tufka da warwara ba, tambayoyi biyu daban ya amsa.

Idan aka faɗaɗa zancen zuwa dukan addinai, abin ya ƙara nisa. Addinin Buddha, musamman tsohuwar mazhabarsa ta Sri Lanka da Tailan, ba shi da mahalicci sam, burinsa kuɓuta daga zagayen haihuwa da mutuwa. A addinin Hindu akwai masu bautar alloli da yawa, akwai masu ganin duka fuskokin hakika ɗaya ne wadda ba ta ji ba ta gani irin yadda muke siffanta Allah, akwai kuma masu riƙe da ubangiji ɗaya da suke ƙauna. Masu cewa duk addinai hanya ɗaya ce, irin su masanin falsafar Ingila John Hick, sukan kafa hujja da tsohon labarin Indiya na makafi da giwa, kowa ya shafa wani sashe ya ɗauka shi ne giwar. Paparoma Francis ma ya faɗa wa matasa a Singafo a Satumbar 2024 cewa dukan addinai hanyoyi ne zuwa ga Allah, wasu limaman cocinsa suka ƙalubalance shi. Niyyar masu wannan ra'ayi kyakkyawa ce, amma ban yarda da shi ba. Mai ba da labarin giwa ya ɗauki kansa shi kaɗai ne mai ido, kowa makaho. Ya ce wa ɗan Buddha kai ma Allah kake nema ba ka sani ba, ya ce wa Musulmi da Kirista abin da kuka saɓa a kai ba shi da muhimmanci. Wannan ma aƙida ce da ke iƙirarin ta fi sauran, sai dai ba ta faɗin haka a fili.

To, da zarar siffofi sun saɓa, kowa littafinsa yake ɗaukowa, sai gardama ta koma kan wane littafi ne abin dogaro. Nan ma abu biyu ake cakuɗawa. Ɗaya shi ne ko rubutun da ke hannunmu shi ne wanda aka rubuta tun farko. Ɗayan shi ne ko abin da aka rubuta tun farkon daga Allah yake. Na farko ana iya bincikensa da tsofaffin takardu, kuma an yi binciken sosai.

A 1947 makiyaya suka ci karo da tuluna cike da naɗaɗɗun fatu a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri. Cikinsu akwai cikakken littafin Ishaya da aka kwafa wajen shekara 125 kafin haihuwar Almasihu. Kafin nan cikakken kwafin littattafan Yahudawa na Ibrananci mafi tsufa da ake dogaro da shi na shekarar 1008 ne, wanda ke ajiye a Rasha. Da aka gwada su, tazarar fiye da shekara dubu, sai aka ga littafi ɗaya ne, yawancin bambancin na rubutun kalma ne, da wasu kalmomi da jimloli nan da can. Wannan ya nuna marubutan Yahudawa sun yi taka-tsantsan ƙwarai. Amma kogunan sun nuna wani abin kuma. Littafin Irmiya a tsohuwar fassarar Girkanci ya gaza na Ibrananci da kusan kashi ɗaya cikin takwas, jerin surorinsa ma daban, kuma a Kumran an sami guntayen Ibrananci da suka dace da gajeren. Ke nan a wancan zamani siga biyu ta littafin ke yawo a hannun mutane.

Sabon Alkawari, sashen Baibul da ya ƙunshi Linjila da wasiƙun manzanni, yana da kwafin hannu na Girkanci kusan 5,800, daga ɗan guntun da bai kai tafin hannu ba na Linjilar Yahaya da ke Manchester, wanda ake kai shi ƙarni na 2, zuwa manyan kundaye na ƙarni na 4 irin wanda aka samo a gidan ibadar Dutsen Sina'i da wanda ke Vatikan. Yawan kwafin ya sa bambance-bambancen ma suka yi yawa. Tun 1707 John Mill na Oxford ya tattara kusan 30,000. Mafi yawansu ɓatan baƙi ne da sauya jerin kalmomi, amma akwai manya da ba a ɓoye su. Ayoyi 12 na ƙarshen Markus babu su a waɗancan kundaye biyu. Labarin matar da aka kama da zina, a Yahaya 7:53 zuwa 8:11, babu shi a tsofaffin kwafi. Mafi shahara ita ce jimlar da ke 1 Yahaya 5:7 mai ambaton uku masu shaida a Sama, wato Uba da Kalma da Ruhu Mai Tsarki. Malamin Kirista Erasmus bai sa ta a bugunsa na Girkanci na 1516 ba saboda bai same ta a takardun da ke gabansa ba, da aka matsa masa ya sa ta a na 1522, daga nan ta shiga fassarar Turanci ta 1611. Yawancin fassarorin zamani sun cire ta ko sun mayar da ita ƙasan shafi. Abin lura, malaman Kirista ne da kansu suka tono waɗannan, suka buga su kowa ya gani. Haka kuma yawan littattafan bai zama ɗaya ba: 66 a wajen Furotesta, 73 a wajen Katolika, 81 a cocin Habasha, kodayake littattafai 27 na Sabon Alkawari duka sun yarda da su.

Me wannan ke nufi ga Musulmi mai cewa an canza Baibul? Yana nufin ya faɗi me aka canza, kuma yaushe. Kundin Sina'i ya girmi aiko Annabi (SAW) da shekara fiye da 250, kuma yana nan a intanet kowa na iya dubawa. Linjilar da ke hannun Kiristocin Najran da na Habasha a zamanin Annabi, a dunƙule, ita ce ta yau. Malamanmu na da ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tsaya kan cewa lafazin kansa aka gurɓata. Fakhruddin Razi a wasu wurare na tafsirinsa, da Ibn Khaldun, sun karkata ga cewa karkatar da ma'ana ce, don yana da wuya al'umma ta haɗu ta sauya littafin da ya bazu a ƙasashe. Ibn Taimiyya ya bi tsakiya. Kuma Bukhari ya ruwaito umarnin Annabi cewa kada ku gaskata Ma'abota Littafi, kada kuma ku ƙaryata su. Salon muƙabalar da muka saba da shi daga baya ya zo, daga zaman da Rahmatullah Kairanawi ya yi da ɗan mishan Pfander a Agra ta Indiya a 1854, inda ya yi amfani da binciken Turawa a kan Baibul, har zuwa kaset-kaset ɗin Ahmed Deedat da suka cika gidajenmu.

Akwai hujjoji biyu da nake roƙon 'yan'uwana Musulmi su ajiye. Na ɗaya, cewa a taron manyan limaman coci da aka yi a Nikiya a 325 aka zaɓi Linjila huɗu aka ƙone sauran. Ƙanzon kurege ne. Matsayin Almasihu aka tattauna a taron, ba jerin littattafai ba, kuma Linjila huɗun sun riga sun kafu tun ƙarshen ƙarni na 2. Na biyu, Linjilar Barnaba. Kwafinta mafi tsufa da Italiyanci yake, na ƙarshen ƙarni na 16, kuma a cikinta Isa yana cewa ba shi ne Almasihu ba, alhali Alƙur'ani da kansa Almasihu yake kiransa. Ba na jin daɗin ganin matashi mai kishin addini yana kare gaskiya da abin da in an bincika zai ba shi kunya.

Alƙur'ani tarihinsa daban ne. Bukhari ya kawo cewa bayan yaƙin Yamama, da mahaddata da yawa suka yi shahada, Umar ya bai wa Abubakar shawarar a tattara shi, aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabit aikin, har ya ce da dutse aka ce ya ciro daga mazauninsa da ya fi masa sauƙi. Takardun suka zauna a wajen Hafsa. A zamanin Usman, wajen 650, Huzaifa ya dawo daga yaƙin Armeniya da Azarbaijan yana kukan yadda mutanen Sham da na Iraƙi ke saɓani a karatu, sai halifa ya sa aka kwafi mus'hafi ɗaya aka aika manyan garuruwa, aka ƙone sauran. Littattafanmu ne suka ruwaito wannan, su ne kuma suka ruwaito cewa Ibn Mas'ud bai ji daɗin matakin ba. Binciken zamani ya ƙarfafa ginshiƙin labarin. A 2015 jami'ar Birmingham ta sanar da cewa gwajin kimiyya ya nuna fatar wasu warƙoƙi biyu masu ɗauke da sassan Kahfi, Maryam da Ɗaha ta tsakanin 568 da 645 ce, kodayake shekarun fatar gwajin ke nunawa, ba na tawadar ba. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Marijn van Putten, ya nuna a 2019 cewa wuraren da aka rubuta ni'imar Allah da buɗaɗɗiyar ta'u da wuraren da aka rubuta ta da ɗaurarriya iri ɗaya ne a tsofaffin mus'hafai, abin da ba zai yiwu ba sai in daga kwafi ɗaya dukansu suka fito.

Amma mai cewa babu ko ɗigon da ya bambanta a ko'ina, shi ma ya wuce abin da malamai suka faɗa. A 1972 an sami tarin tsofaffin fatu a rufin babban masallacin San'a a Yemen. A jikin wasu an kankare rubutun farko an yi sabo a kai. Na saman mus'hafin Usman ne, na ƙasan kuwa yana da bambancin wasu kalmomi da jerin surori, irin wanda aka ruwaito game da mus'hafan wasu sahabbai. Ba ma sai an je Yemen ba. Duk wanda ya yi karatun allo a tsangaya ya san Warshu: fa'u ɗigonta a ƙasa, ƙafu ɗigo ɗaya a sama, wasali da jar tawada, alaramma zaune a kan buzu da alƙalamin kara yana rubuta izu sittin da ka. Ƙaninsa da ke Islamiyya Hafsu yake karantawa a bugun Madina. A Fatiha ɗaya ya ce maliki, ɗaya ya ja ya ce maaliki, sarkin ranar sakamako da mamallakinta. A Ali Imrana 146 Hafsu ya karanta cewa annabawa da yawa sun yi yaƙi, Warshu ya karanta an kashe. Waɗannan ƙira'o'i ne sanannu masu isnadi, Ibn Mujahid ya tattara bakwai a ƙarni na 10, Ibnul Jazari ya tabbatar da goma, kuma Musulmi sun yi imani duka saukakku ne. Kiristan da ya ɗaga mus'hafai biyu a bidiyo yana cewa ya bankaɗo asiri bai bankaɗo komai ba, abin da yaran makarantar allo suka sani ne. Musulmin da bai taɓa jin haka ba har hankalinsa ya tashi, ƙarancin karatu ne ya cuce shi.

Hukuncina a kan tambayar rubutu shi ne, nassin Alƙur'ani ya daidaita da wuri, cikin shekara 20 da wafatin Annabi, da harshen da aka karanta shi, ga kuma hadda tana tsaronsa, kuma a wannan fanni ya fi Baibul tsayuwa a kan siga ɗaya. Baibul tarin littattafai ne na marubuta da yawa a tsawon ƙarnuka, an kwafe shi ba tare da hukuma ɗaya mai tacewa ba, shi ya sa bambancinsa ya fi yawa, shi ya sa kuma ake iya bin sawun bambancin a gano inda ƙari ya shigo. Abin da ba na yarda da shi, daga kowane ɓangare, shi ne halin ɗan kasuwar da ke sayen hatsi da babban mudu ya sayar da ƙarami. Wanda ya karɓi bayanin malamansa a kan Warshu da Hafsu, ya saurari bayanin Kirista a kan ƙarshen Markus kafin ya yanke hukunci. Wanda ya kira bambancin kwafin Linjila ƙaramin abu, kada ya mayar da fatar San'a babban abu.

Akwai kuma rashin fahimtar da ta fi wannan zurfi. Musulmi in ya ji Linjila, littafi yake nufi da aka saukar wa Annabi Isa kamar yadda aka saukar da Alƙur'ani. Da ya buɗe ya ga Matiyu, Markus, Luka da Yahaya suna ba da labari, sai ya ce wannan ai sira ce da hadisi. Kirista ba zai musa cewa mutane ne suka rubuta ba, domin a wajensa Kalmar Allah shi ne Almasihu da kansa, littattafan shaida ce a kansa da Ruhu Mai Tsarki ya bi da marubutanta. Tambayar Musulmi mai ƙarfi tana can baya, a tazarar da ke tsakanin Annabi Isa, wanda ya yi wa'azi da Aramiyanci wajen shekara ta 30, da Linjilar Markus da yawancin masana ke cewa an rubuta da Girkanci wajen shekara ta 70. Kirista zai amsa cewa shaidun gani da ido suna raye a lokacin, kuma wasiƙun Bulus sun riga Markus da kusan shekara 20. Wannan muhawara ce ta ilimi da ta cancanci a zauna a yi ta.

Batun gicciye shi ke nuna iyakar abin da takarda za ta iya. Linjila huɗu duka sun ce an gicciye shi, marubucin tarihin Rum Tasitus, wanda ba Kirista ba ne, ya ambaci kashe shi a zamanin gwamna Bilatus, masana tarihi kuma kusan duka sun karɓi haka. Suratun Nisa'i aya ta 157 ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, an dai kamanta musu. Ayar ba ta musa cewa mutane sun ga abin da suka ɗauka gicciye ne ba, don haka ko an tono shaidu ɗari ba za su raba gardamar ba. Kirista ya jingina imaninsa ga tashin Almasihu daga matattu, har Bulus ya ce in bai tashi ba wa'azinsu banza ne. Musulmi ya jingina nasa ga gaskiyar Annabi Muhammadu (SAW) da ƙalubalen Suratul Baƙara na a kawo sura ɗaya irin tasa. Ni Musulmi ne, abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Isa shi na gaskata, kuma dalilina na gaskatawar amincewa ce da wanda ya zo da shi, ba warƙoƙin Birmingham ba.